Sashe na Goma Sha Ɗaya

Wata huɗu labarin Malam Shu'aibu ya yi a shafin intanet na ƙungiyar 'yan asalin Kwarin Ɗinya, kuma sau goma sha tara kacal aka buɗe shi. A cikin goma sha taran nan Juwairiyya ta san bakwai ita ce, don duk lokacin da ta leƙa ta ga ko an karanta, sai na'urar ta ƙirga ta kamar wata baƙuwa. Abin ya ci mata rai ƙwarai. Malam Shu'aibu mahaifinta ne, ita ce autarsa, kuma ita ta zauna a gabansa yammaci goma sha biyu tana ɗaukar muryarsa da waya. Sannan ta yi makonni tana bugawa a kwamfutar makarantar sakandaren da take koyarwa a Tiga, yau shafi guda, jibi rabin shafi, tsakanin wannan aji da wancan.

Kwarin Ɗinya babu shi a duniya yanzu. Yana ƙarƙashin ruwan dam sama da shekara hamsin, da gidajensa da masallacinsa da maƙabartarsa. Mutanen garin aka kwaso su aka ba su fulotai kusa da Tiga, wasu suka koyi kamun kifi, wasu noman rani, 'ya'yansu suka watsu Bebeji da Ƙafin Maiyaki da Kano. Abu ɗaya ne ya rage yana haɗa su. Duk shekara da bazara, idan ruwa ya ja baya, sai su taru a bakin dam daidai saitin inda garin yake, a shimfiɗa tabarma guda a gaba. Mafi tsufa cikin waɗanda aka haifa a can ya zauna a kanta, ya kira gidajen garin ɗaya bayan ɗaya daga ƙofar gabas har bakin rafi, a yi wa matattun kowane gida addu'a. Shekara shida ke nan Malam Shu'aibu ne a kan tabarmar nan. Ba shi da sarauta, ba shi da mota, kuma ba ya neman ko ɗaya. Wannan zaman na wuni guda shi ne girmansa, kuma tun watan azumi yake ajiye farar rigar da zai sa.

Ranar da ta nemi izinin sa labarin a intanet, ya kira ta Uwata kamar kullum. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka ba ya kiran sunanta.

"Uwata, ki sa. Amma da sharaɗi. Duk wanda zai ji, ya ji shi daga farko har ƙarshe."

"To ai haka ake karatu, Baba."

"Na dai gaya miki."

Ta ce to, irin to ɗin da ake ce wa tsofaffi. A ranta ta ce ina ma a samu mai karanta ko da rabinsa ne.

Abdulhadi ne ya kawo shawarar. Ɗan kawunta ne, sakataren ƙungiyar, yana aiki a Kano, kuma yana daga cikin mutanen nan da idan sun koyi abu jiya, yau sai su yi mamakin yadda kai ba ka iya ba. Ya kira ta a waya yana dariya.

"Malama, wa kika ga zai karanta wannan uban rubutun? Mutum ya buɗe ya yi ta ja da yatsa, ya ja, ya ja, babu inda zai tsaya ya huta, ga datarsa na ƙonewa. Ki yanka shi sashe-sashe mana. Kowane sashe ki ba shi lamba da kan magana. Akwai abin da zan kunna miki, kowane kai zai samu mahaɗinsa. Idan mutum ya ga inda aka ambaci gidansu, ya taɓa, ya tura wa ɗan'uwansa a wasaf, shi kuma yana buɗewa ya dira daidai wurin, ba sai ya bi ta kan surutun Baba ba."

Kalmar surutu ta ɓata mata rai, amma ta ga gaskiyarsa. Ran Asabar da hantsi ta karɓi makullin ɗakin kwamfuta, ta zauna ita kaɗai ta fara yanka. Aikin ya yi mata daɗi, ba ƙarya. Rubutun da yake a dunƙule kamar curin fura ya fara buɗewa. Na ɗaya, asalin garin. Na biyu, rafi da rijiyoyi. Na huɗu, gidajen gari da masu su. Na takwas, yadda aka raba fulotai da gonaki a sabon wuri. Tana sa kan magana, lamba ta fito da kanta, ga wata 'yar alamar sarƙa a gefe, wadda idan ka taɓa ta sai ta kwafe maka mahaɗin. A can sama kuma jerin kanun duka ya tsaya reras, shuɗi-shuɗi, goma sha bakwai. Ba ta tsaya sake karanta komai ba, ai ita ta buga shi. Layi biyu ko uku na farkon kowane yanki take dubawa, ta laƙaba masa suna, ta wuce.

A na goma sha ɗaya ne kaɗai hannunta ya tsaya. Ta san abin da ke ciki, don ranar da ya faɗa sai da ta kashe wayar ta ce ko a bar wannan, ya ce ta kunna. Ga abin da ya ce:

"Da 'yan safiyo masu awon ƙasa suka zo kafin a tashe mu, ni suka ɗauka, don ni kaɗai na yi elementare a garin. Suka ba ni gwangwanin jan fenti da burushi. Duk gidan da na shafa wa lamba an san da shi, za a ba shi fuloti da gona. Na shafa wa gida arba'in. Da muka iso bakin rafi, babbansu ya nuna bayan tsamiya ya ce, akwai gida a can? Gidan wani mai suna Uba ne. Shekara guda kafin nan Uba ya mare ni a kasuwa a gaban jama'a, don jakinmu ya shiga dawarsa. Na ce babu gida, rumbuna ne. Muka juyo. Aka raba fulotai babu sunan Uba. Ya yi ta zarya ana ce masa babu lambarsa, har ya gaji ya kwashi iyalinsa ya yi wajen Doguwa. A can matarsa Zubaida ta rasu cikin wahala. Shekara da shekaru ana zagin gwamnati a kan wannan. Ni na yi, ba gwamnati ba."

Juwairiyya ta tuna Abdulhadi ya ce kan magana ya zama mai jan ido. Ta rubuta: 11. Gidan da na tsallake. Ta dube shi ta ga ya yi kyau, har ta ɗan ji alfahari da ubanta mai iya faɗin laifinsa. Ta gangara yanki na gaba, ta ga ya fara da tumatir da ya yi kyau da albasa da ta ƙi, sai ta rubuta: 12. Noman rani da matsalar albasa. Kafin azahar ta gama, ta kulle ɗakin, ta sayi awara a ƙofar makaranta don ta yi wa kanta tukuici.

Kwana biyun farko abin ya tafi yadda aka so. Mutane suka yi ta tura na huɗu, kowa na murna ya ga sunan kakansa. Wata tsohuwa a Ba'awa ta sa aka karanta mata na biyu har sau uku tana kuka, don an ambaci rijiyar da ta yi ɗiba tana yarinya. Abdulhadi ya turo saƙo ya ce ai ya faɗa.

A rana ta uku wani ya tura na goma sha ɗaya a zauren wasaf na ƙungiyar. Bai rubuta komai ba, mahaɗin kawai. Har yau Juwairiyya ba ta ga laifinsa sosai ba, don ita ta ɗaura wa abin mariƙi, shi ɗauka kawai ya yi. Ta taɓa mahaɗin a wayarta don ta ga abin da mutane ke gani. Shafin ya dira daidai kan jan fenti. Sashen duka ya cika fuskar wayar cif, kamar an auna, daga 'yan safiyo har zuwa "ni na yi, ba gwamnati ba". A ƙasansa kuma ga kan na goma sha biyu yana leƙowa da zancen albasa. Wane ne zai gama karanta yadda aka kashe gida guda da baki, sannan ya zarce don ya ji abin da ya samu albasa?

Cikin mako ɗaya aka buɗe shafin fiye da sau dubu uku. Ta samu masu karatun da take nema.

Ba wanda ya zagi Malam Shu'aibu. Da ma an zage shi, da ya fi sauƙi. Gaisuwa ake yi masa cikakkiya, da durƙuso da tambayar iyali da gajiya, irin wadda ake yi wa baƙon da ba a so ya zauna. Dakalin ƙofar gidansa, inda dattawa biyar ko shida kan taru bayan la'asar, ya koma mutum biyu, daga baya ya koma shi da rediyonsa. Ghali kuwa, ɗan marigayi Uba, wanda gonarsa ke jikin tasu, wanda shekara talatin bai taɓa wuce ƙofar nan bai sauka daga babur ya gaida Baba ba, sai ya sake hanya. Juwairiyya ta ji da kunnenta wasu samari a bakin titi, Baba na wucewa zuwa masallaci, ɗaya ya zunguri ɗaya ya ce, "Ga Sha-ɗaya nan." Haushi ya kama ta har idonta ya kawo ruwa, amma ta rasa wanda za ta yi wa faɗa.

Ran Juma'a da safe ba ta da aji. Ta zauna a ɗakinta ta ce bari ta nemi wani abu a cikin labarin da za ta tura ya wanke shi, ko taimakon da ya yi ranar tashi, ko gawar da ya haƙa wa kabari. Ta fara daga layin farko. Wannan ne karo na farko da ta karanta shi a zama ɗaya.

A na takwas ya ce gonar da aka ba shi ta tashi daga bakin magudanar ruwa har zuwa babban dutse. Ta ɗan tsaya, don gonarsu ba ta kai dutsen ba, a layin zogale ta ƙare. Ta ce ƙila tsufa ne. Ta wuce na goma sha ɗaya da sauri kamar mai tsallake kwata. Ta shiga na goma sha biyu, ta bi tumatir, ta bi albasa, ta bi tsutsar da ta cinye yabanya da maganin da aka kawo daga Kano bai yi aiki ba. Can a tsakiya, tsakanin zancen iri da zancen taki, sai ga wannan:

"Ana haka na ga gonar ta yi mini yawa. Na hau motar Doguwa wata Talata, na kwana biyu, na dawo ba ni kaɗai ba. Aka ja iyaka a tsakiya, aka dasa zogale. Albasa dai ba ta yi ba sai shekara ta uku."

Shi ke nan. Babu suna, babu komai. Daga zogale zuwa dutse gonar Ghali ce, wadda kowa ya ɗauka gwamnati ce ta ba Uba daga baya da aka gyara kuskure. Juwairiyya ta ajiye wayar a kan katifa. Tun tana yarinya take tsinkar zogalen nan ana yin kwaɗo. Da yatsunta ta buga layukan nan huɗu wata rana tsakanin aji biyu, tana sauri, ba ta ga komai a cikinsu ba sai albasa.

Ta same shi a zaure yana gyaran carbinsa da ya tsinke. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta kasa haƙuri.

"Baba, rabin gonarka ka ba su."

Bai ɗago ba. "Sai yau kika gani?"

"Me ya sa ba ka faɗa a fili ba? Yanzun nan zan canza kan sashen, in rubuta abin da ka yi, in tura wa kowa. Minti biyu ne."

"Ba za ki canza ba."

"Baba, suna kiran ka da lamba a titi!"

"Na ji. Kunnena bai mutu ba." Ya zura ƙwaya ɗaya a zare, ya sake zura wata. "Uwata, da na je Doguwa na gaya wa Uba abin da na yi, wuni guda bai yi mini magana ba. Washegari ya ce zai biyo ni saboda yara, amma in rantse ba za su taɓa jin cewa daga hannuna gonar ta fito ba. Ya ce ba zai so ɗansa ya tashi yana ganin sadakar wanda ya cuce su yake ci ba. Na rantse. Laifin nawa ne, ina da ikon in faɗa kafin in mutu. Gonar kuwa amanarsa ce. Na sa ta inda mai haƙuri zai tsince ta, ya gane a ransa ya yi shiru. Shi ya sa na ce miki a ji shi duka."

"To ai Baba Uba ya rasu."

"Rantsuwar ba ta rasu ba."

Ta fito tana huci. Juwairiyya mace ce mai son gyara, kuma mai son gyara ba ya iya zama ya ga abu a karkace ko da an ce masa kada ya taɓa. Ta fara tura mahaɗin na goma sha biyu a zauren, ba ta ce komai ba, don a ganinta wannan bai karya alkawari ba. Mutum uku suka amsa. Ɗaya ya ce Allah ya jiƙan mazan jiya, ɗaya ya tambayi wane irin albasa ne, na ukun ya ce yanzu kuma wa'azin noma za a yi mana? Sashen shi kaɗai ba ya cewa komai. Sai ka ɗauko dutsen daga na takwas, ka ɗauko Doguwa daga na goma sha ɗaya, kuma ita da kanta ta koya wa mutane cewa ba sai sun bi ta nan ba.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ran Lahadi da sassafe ta hau babur ɗin haya ta tafi gona. Ta ce a ranta Baba ne ya rantse, ita ba ta rantse ba.

Ghali na bakin injin ban ruwa, wandonsa a naɗe, tumatirinsa ya yi jajir. Mutum ne mai shekara hamsin da 'yan kai, mai faɗin kafaɗa, wanda kullum Auta yake kiran ta. Ya kashe injin da ya gan ta.

"Yaya Ghali, ina kwana. Ya aiki?"

"Lafiya lau, Malama."

Malamar nan ta soke ta, amma ta daure. Ta buɗe wayar, ta karanta masa na takwas, ta karanta masa layukan nan huɗu, ta nuna masa zogalen da hannu, ta nuna dutsen. Ta yi bayani dalla-dalla kamar tana gaban allo. Ta ce Baba ya yi kuskure yana saurayi, amma ya gyara, ya raba abin da ya mallaka gida biyu, kuma shekara arba'in da wani abu bai taɓa gorantawa ba. Tana magana tana jiran fuskarsa ta saki.

Ghali ya dubi gonar tun daga ƙafarsa har dutse.

"Ina da shekara biyar muka je Doguwa," ya ce. "A rumfar kara muka yi damina biyu. Ina tuna tarin Inna, ban tuna fuskarta ba. Na taso ina zagin wani ma'aikaci da ban san sunansa ba, ina durƙusa wa mahaifinki. Wannan na haɗiye shi mako biyu, ina cewa ko ba komai abin da nake ci guminmu ne, haƙƙinmu ne da aka dawo mana da shi." Ya juyo ya dube ta. "Yanzu kin zo ki gaya mini har tuwon da na ciyar da 'ya'yana kyautarsa ce."

"Ba haka nake nufi ba, Yaya."

"To me kike nufi? In zo in yi godiya?"

Ta sauke wayar. Ya sunkuya ya fara naɗe tiyon ruwan, a hankali, ba cikin fushi ba, kuma wannan ya fi ba ta tsoro.

Bayan kwana tara, da ya gama tsince tumatirinsa, ya aiko da dattawa biyu gidan Malam Shu'aibu. Suka yi sallama, suka zauna, suka sha ruwa. Suka ce Ghali na gaisuwa, ya ce an gode da aron gona, ya mayar. Ya samu wani fili haya wajen Ƙafin Maiyaki. Malam Shu'aibu ya ce ba aro ba ne. Suka ce su dai saƙo aka ba su. Da suka tafi bai kira Juwairiyya ba, bai tambaye ta komai ba, ya san babu wanda zai kai maganar sai ita. Ta jira faɗa kwana da kwanaki bai zo ba. Abincin da ta kai masa ma yana ci, yana cewa Allah ya yi albarka.

Ranar taron bakin dam ya sa farar rigarsa. Ta so ta ce ya zauna a gida, ta kasa. Aka ɗauke shi a babur, ita ta bi motar mata. Ruwa ya ja baya sosai a bana, laka ta bushe ta tsattsage, masunta sun jawo kwale-kwalensu can gefe. Jama'a sun fi na kowace shekara yawa, har da waɗanda ba a taɓa gani ba daga Tudun Wada, kuma Juwairiyya ta san abin da ya kawo su.

Tabarmar gaba na shimfiɗe, amma da mutum a kanta. Malam Isma'il ne, wanda aka goyo a baya ranar da aka tashi daga garin. Shugabannin ƙungiya suka tari Malam Shu'aibu da fara'a, suka ce sun duba rana ta yi zafi, ga tsufa, an tanadar masa kujera a inuwa ya huta. Abdulhadi da kansa ya riƙe masa hannu ya kai shi, bai yarda sun haɗa ido da Juwairiyya ba. Kujerar roba ce, a ƙarƙashin wata bishiya, nesa da sahu.

Malam Isma'il bai san gidajen Kwarin Ɗinya ba, ina zai san su? Sai ya ciro waya daga aljihu, aka taɓa masa mahaɗin sashe na huɗu, ya fara karantowa. Gidan Liman, gidan Sarkin Noma, gidan maƙera biyu da ke fuskantar juna. Kalmomin Baba ne, da jerinsa, har da inda yakan ce "sai ka karya kwana wajen turmin Bahijja". Ya yi tuntuɓe a sunaye uku. Daga inda take cikin mata, Juwairiyya na hango leɓen mahaifinta na motsi, yana riga mai karatun isa kowane gida. Da aka zo gidan Uba, na ƙarshe, bayan tsamiya, aka ɗaga murya da amin fiye da ko'ina, wasu suka waiga wajen bishiyar. Ghali bai zo ba.

Washegari ta tafi makaranta tun kafin a buga ƙararrawa. Ta cire lambobin ɗaya bayan ɗaya, ta goge kanun, ta kashe 'yar alamar sarƙar. Bai ɗauke ta minti goma ba. Labarin ya koma yadda yake, dogo, a dunƙule. Ta gwada tsohon mahaɗin na goma sha ɗaya, sai ya kai ta can sama, layin farko, inda Baba ke cewa sunansa Shu'aibu, an haife shi shekarar fara. A makon nan sau huɗu aka buɗe shafin. Hoton sashen kuwa, wanda mutane suka ɗauka da wayoyinsu, yana nan yana yawo da kan maganarsa da lambarsa.

Da la'asar ta same shi a dakali shi kaɗai, rediyon a kashe. Ta durƙusa a gefensa.

"Baba, na cire lambobin. Na goge su duka, babu ko ɗaya."

Ya gyaɗa kai. Ya dubi hanyar da babur ɗin Ghali ya saba ɓullowa, sannan ya dube ta, ba da fushi ba.

"Sannu da aiki, Uwata," ya ce. "Nawa fentin ma ruwa ya wanke shi tun shekara hamsin. Ki je ki tambayi Ghali ko fentin ya fita a wurinsa."